Mary Seacole: Matar Da Ta Kai Kanta Bakin Daga Da Kuɗin Aljihunta

Kowace shekara idan na tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama in sun bar makaranta, ba na rasa 'yan mata da samari da za su ce aikin nas. In na ƙara tambaya ko me ya sa, sai wasu su sunkuyar da kai suna murmushi, domin abin da ke ransu shi ne aikin nan yana kai mutum ƙasar waje. Ban ga laifinsu ba. Amma da aka ce in rubuta wani abu a wannan mujalla tamu, sai na ga ya kamata in ba su labarin wata mace da ta tsallaka teku domin jinyar marasa lafiya tun ba a san jirgin sama ba. Kowa ya san Florence Nightingale, mai fitilar nan. Wadda zan ba da labarinta sun yi zamani ɗaya, sun yi yaƙi ɗaya, har sun taɓa haɗuwa ido da ido, amma ita baƙar fata ce, kuma babu gwamnatin da ta aike ta. Sunanta Mary Seacole, ana faɗinsa Sikol.

An haife ta a 1805 a Kingston, babban birnin tsibirin Jamaika, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ingila. Sunanta na yanka Mary Jane Grant. Mahaifinta soja ne mutumin Sikotlan, mahaifiyarta kuwa jinin Afirka ce. A shekarun nan yawancin baƙaƙen Jamaika bayi ne a gonakin rake, ba su sami cikakken 'yanci ba sai a 1838. Mary dai an haife ta 'ya, domin uwarta ba baiwa ba ce. Uwar tana da masauki a Kingston mai suna Blundell Hall, inda hafsoshin sojan Ingila da matansu suke sauka, musamman waɗanda zazzaɓin ƙasar ya kayar. Ban da dafa musu abinci, ita ce take yi musu magani, gama ta san saiwa da ganye, ta kuma san yadda ake riƙon mara lafiya da tsabta da abinci mai kyau har ya miƙe.

A gindin wannan uwa Mary ta koyi aiki. Ta faɗa a littafinta cewa tun tana ƙarama duk cutar da ta ga ana fama da ita a gari, sai ta ce 'yar tsanarta ta kamu, ta zauna tana yi mata jinya. Daga 'yar tsana ta koma kan karnuka da kyanwoyin unguwa, daga nan ta fara ɗanɗana magungunan da kanta. Tana da shekara 12 ta soma taya uwarta kula da mutane na gaske. Likitocin soja kuma suna shiga gidan suna fita, ita kuwa tana kallon hannunsu tana tambaya. Ta haka ta haɗa ilimi biyu, na gida da na Turawa, ba tare da ta taɓa zama a aji ba. Kada wani ɗalibi ya ɗauki wannan hujjar gudun karatu. A zamaninta babu makarantar nas da za ta shiga ko da ta so. Makarantar da Nightingale ta kafa a asibitin St Thomas na Landan sai a 1860 aka buɗe ta, dokar yi wa nas-nas rajista a Ingila kuwa sai a 1919.

Tana da son tafiya tun tana budurwa. Ta je Landan sau biyu a shekarun 1820, a zuwa na biyu ta tafi da kayan marmarin Jamaika da aka adana cikin kwalabe ta sayar. A can ne yaran titi suka riƙa yi mata ba'a ita da abokiyar tafiyarta saboda launin fatarsu. Ta kuma leƙa Bahamas da Kyuba da Haiti tana fatauci. A 1836 ta auri wani Bature, Edwin Seacole, suka buɗe kanti a garin Black River, amma kantin bai yi albarka ba, mijin kuma ba shi da ƙoshin lafiya. Daga nan masifu suka biyo juna. Gobarar da ta ci wani sashe na Kingston a 1843 ta cinye Blundell Hall, mijinta ya rasu a 1844, ba da jimawa ba uwarta ma ta bi shi. Ta sake gina masaukin, ta ci gaba da sana'ar uwarta, ba ta ƙara aure ba.

A 1850 kwalara ta shiga Jamaika ta kashe mutum sama da 30,000. Akwai wani likita da yake zaune a masaukinta a lokacin, ta bi shi tana koyon yadda cutar take kama mutum da yadda take ƙarewa. Shekara ta zagayo, ta tafi Panama wurin ɗan'uwanta Edward, wanda yake da masauki a wani ƙauye mai suna Cruces. A lokacin an gano zinariya a Kalifoniya, mutane suna tururuwa daga gabashin Amurka, suna ratsa siririyar ƙasar Panama a kwale-kwale da alfadarai, domin ba a haƙa mashigin ruwan nan ba tukuna, sai a 1914 aka buɗe shi. Cruces zango ne mai laka da ƙazanta, cike da baƙi masu wucewa.

Ba ta daɗe da sauka ba wani abokin ɗan'uwanta ya ci abinci a masaukin, ya koma gida ya mutu a daren. Mutanen gari suka fara raɗe-raɗin an sa masa guba. Mary ta je ta dubi gawar, ta ga idanun da suka faɗa da fatar da ta yamutse, ta gaya musu kwalara ce. Ba su so su yarda ba, sai da wasu suka fara faɗuwa. Babu likita a garin sai wani mai cire haƙori da tsoro ya hana shi motsi, saboda haka aikin ya faɗo kanta. Masu hali suna biyanta, talakawa kuwa kyauta take yi musu. Wani maraya ɗan kimanin shekara ɗaya ya mutu a hannunta, sai ta yi abin da ko a yau mutum zai yi mamaki: ta bi mai kai gawar, ta buɗe cikin yaron a ɓoye domin ta ga abin da cutar take yi wa jiki. Daga baya ita ma ta kamu, amma Allah ya tashi kafaɗunta.

A nan dole in tsaya in faɗi gaskiya, domin masu ba da labarinta sukan tsallake wurin. Ba duk magungunanta ne suke da amfani ba. Tana ba da ruwan da aka tafasa da kirfa ga mai ƙishirwa, tana shafa wa jiki abin da zai ɗumama shi, waɗannan ba su cutar da kowa. Amma tana kuma ba da maganin sa amai, da wani mai zaiba a ciki, da wani mai darma, kamar yadda likitocin Turai na zamanin suke yi. Yau mun san kwalara tana kashe mutum ne ta wurin tsiyaye ruwan jikinsa, don haka duk abin da zai ƙara amai ko gudawa ƙarin wuta ne, zaiba da darma kuwa guba ne. A 1854 ne John Snow ya nuna a Landan cewa ruwan sha ne yake yaɗa cutar, ruwan gishiri da sukarin da kowace uwa ta sani yanzu kuwa bai bazu a duniya ba sai a shekarun 1970. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ita da kanta ta rubuta cewa ta tafka kurakurai a farko, ta rasa waɗanda da ta ƙara sani da sun rayu, kuma in ta duba wasu takardun magungunanta na dā jikinta yakan yi sanyi. Ba kowane mai aikin lafiya yake iya faɗin haka a kan kansa ba, balle ya buga a littafi.

A Panama ta gamu da wariyar launin fata irin ta Amurkawan zamanin bauta. A wani biki wani Ba'amurke ya tashi yana yabonta, ya ƙare da cewa abin tausayi ne da ba fara ba ce, da akwai yadda za a wanke ta ta yi fari da sun yi. Ta tashi ta mayar masa cewa ko da ta fi haka baƙi ba za ta ragu da kome ba, kuma in irinsu ne mutanen da za ta shiga cikinsu, ba ta yi asara ba. Da za ta koma gida, matan Amurka suka ƙi zama da ita a jirgin ruwansu, sai ta sauka ta jira na Ingilishi. Ta iso Jamaika a 1853 ta tarar da annobar shawara, hukumar soja ta roƙe ta ta kula da masu jinya a barikin Up-Park Camp. A nan ma ba ta yi fariya ba, ta ce cutar ta fi ƙarfinsu, sau da yawa abin da ta iya kawai shi ne ta zauna kusa da mai mutuwa.

Yaƙin da ya sa aka san ta ya fara a 1853 tsakanin Rasha da daular Turkiyya. A watan Maris 1854 Ingila da Faransa suka shiga a gefen Turkiyya, a watan Satumba suka sauke sojoji a Kirimiya, a arewacin Baƙin Teku, suka kewaye birnin Sebastopol. Ba harsashi ne ya fi cin sojan Ingila ba. Cikin wajen 21,000 da suka mutu, kimanin 16,000 cuta ce ta kashe su: kwalara, atuni, zazzaɓi, da sanyin hunturu a kan mutanen da ba su da tufafi ko abinci isasshe. Wakilin jaridar The Times, William Howard Russell, da abokan aikinsa suka riƙa aiko da labarin wannan sakaci, hankalin mutanen Ingila ya tashi. Ranar 21 ga Oktoba 1854 Florence Nightingale ta bar Landan da mata 38 zuwa asibitin soja na Sikutari, a tsallaken Santambul.

Mary ta ji cewa wasu rundunonin da ta sani a Jamaika suna can, samarin da ta ciyar ta kuma yi wa jinya. Cututtukan da suke kashe su kuwa su ne waɗanda ta sha fama da su. Ta iso Landan a ƙarshen 1854 tana kusan shekara 50, riƙe da takardun shaida daga waɗanda ta yi wa aiki. Ta je Ofishin Yaƙi, aka yi ta tura ta daga wannan tebur zuwa wancan. Ta je gidan matar Sidney Herbert, sakataren da ya aiki Nightingale, inda ake ɗaukar ƙarin mata, aka ce mata an cika. Ta nemi asusun taimakon sojoji ya biya mata kuɗin jirgi, nan ma aka ƙi. Ta ba da labarin yadda ta tsaya a titi da magariba tana hawaye, tana tambayar kanta ko abin da ta gani wurin Amurkawa ne ya biyo ta har Ingila.

Masana tarihi ba su yi baki ɗaya a kan wannan ba. Wasu sun ce ta zo a makare, ayarin farko ya riga ya tafi, kuma ba ta taɓa aiki a asibiti irin na Ingila ba. Wasu sun ce cikin matan da aka ɗauka akwai waɗanda ba su taɓa ganin mai kwalara ba, wasu ma an koro su gida saboda shaye-shaye, don haka babu abin da ya hana a ɗauke ta sai fatarta. Ni dai a ganina duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci ɗaya. Ɗalibanmu kuma su lura da wannan wuri da kyau, gama har gobe ƙofar aiki a ƙasar waje takarda take fara tambaya kafin ta tambayi gwaninta. Mai son aikin nas a Nijeriya sai ya fita da sakamako mai kyau a Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku, ya gama makarantar da aka amince da ita, ya ci jarrabawar Hukumar Nas-nas da Unguwarzoma ta ƙasa ya karɓi lasisi. Ƙasar da zai je ita ma tana da tata jarrabawa da tata rajista. Ko ƙungiyoyin agaji irin su Likitoci Na-gari Na-kowa ba su ɗaukar sabon fita, sukan nemi wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki. Wariya ba ta ƙare a duniya ba, amma kada ka ba mai wariya hujjar da zai fake da ita.

Da ƙofofi suka rufe, Mary ta koma ga abin da ta iya, wato kasuwanci. Ta haɗa jari da wani dangin mijinta, Thomas Day, suka kafa kamfanin Seacole da Day. Ta buga katuna ta aika Kirimiya tana sanar da hafsoshi cewa tana zuwa ta buɗe wurin cin abinci da hutawa. Ta sayi magunguna da kayan masarufi, ta shiga jirgin ruwa mai suna Hollander a watan Janairu 1855. A tsibirin Malta wani likita ya ba ta wasiƙa zuwa ga Nightingale. Ta tsaya a Sikutari, suka gaisa cikin mutunci, ta roƙi wurin kwana, aka ba ta gado a ɗakin masu wanki. Washegari ta wuce. Sikutari tafiyar kwanaki ce a jirgi daga fagen fama, ita kuwa so take ta kasance inda ake faɗuwa.

Makonni shida na farko ta yi su ne a tashar jiragen ruwa ta Balakalaba. Da rana tana sayar da kaya a ƙarƙashin rumfa, da dare tana hawa tsani ta kwana a cikin wani jirgi mai suna Medora wanda yake maƙare da albarushi. A wannan tasha ake sauko da raunana da marasa lafiya a kan alfadarai, a ajiye su cikin sanyi suna jiran jirgin da zai kai su asibiti. Tana bi tana ba su shayi mai zafi da ruwan lemun tsami da ɗan kek, tana gyara wa wannan bandeji, tana tallafe kan wancan. Wani zai ce ai shayi ba magani ba ne. Wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti yana jiran a kira sunansa ba zai faɗi haka ba.

Daga nan ta sami fili a kan hanyar da ta tashi daga tasha zuwa sansanin soja, kusa da ƙauyen Kadikoi, ta sa wa wurin suna Spring Hill. Babu katako a ƙasar, sai da aka tsinto tarkacen jiragen da guguwa ta farfasa, da akwatunan kaya, da tsofaffin kwanon rufi. Ginin ya ci fam 800, ta kira shi British Hotel. Sunan ya fi ginin girma, domin ba wurin kwanan baƙi ba ne, kanti ne da ɗakin cin abinci na hafsoshi da wata rumfa ta ƙananan sojoji. Ana sayar da takalma, tufafi, abincin gwangwani, taba da giya. Tana rufewa da ƙarfe takwas na dare, ba ta buɗewa ran Lahadi, ba ta kuma yarda a yi caca a ciki ba. Ɓarayi sun yi mata ɓarna a dawaki da awaki da kaji, ɓeraye kuma ba su bar ta ta huta ba.

Da sassafe kafin ciniki ya kankama, masu ciwo suke yin layi a ƙofarta, yawancinsu leburori da masu jigilar kayan soja waɗanda sansaninsu yake kusa: mai gudawa, mai atuni, wanda sanyi ya cinye wa yatsu, wanda alfadari ya harba. Da yawa sun fi son zuwa wurinta da zuwa asibiti. Wanda yake da kuɗi ya biya, wanda ba shi da shi a rubuta bashi ko a yafe. Ribar da take samu a kan teburin hafsoshi ita take biyan maganin talakan soja. Sojoji suka sa mata suna Mama Seacole, ita kuma tana kiransu 'ya'yanta. Ana gane ta daga nesa saboda tana son tufafi masu haske, rawaya da shuɗi da jan ƙyalle a hularta.

A ranakun manyan gwabzawa takan ɗora abinci da abin sha a kan alfadarai, ta rataya jakarta mai bandeji da allura da zare, ta nufi bakin daga. Gaskiya ne wani sashe na kayan na sayarwa ne ga 'yan kallo da suke taruwa a kan tudu. Gaskiya ne kuma ba ta tsaya a kan tudun ba. Ranar 18 ga Yuni 1855, da sojan Ingila suka kai hari kan ganuwar Redan aka kore su da asara mai yawa, tana wurin da ake kawo raunana, har ta goce babban yatsanta garin faɗuwa ƙasa don kauce wa harsashin igwa. Bayan yaƙin kogin Chernaya a watan Agusta ta shiga fili ta taimaki Faransawa da mutanen Sardiniya, har da Rashawa abokan gaba. Wani Barashe da aka harba a muƙamuƙi ya cije mata yatsa cikin zafin mutuwa sa'ad da take ƙoƙarin taimakonsa, tabon bai ɓace ba. Da Sebastopol ta faɗi a watan Satumba, ta karɓi takardar izini ta shiga birnin yana ci da wuta. Russell ya gan ta a bakin aiki, ya kuma yabe ta a jaridarsa.

Sulhu ne ya karya ta. An sa hannu a kan yarjejeniya a Faris ranar 30 ga Maris 1856, sojoji suka fara komawa gida, aka bar ta da kanti cike da kaya masu tsada da ba mai saye. Ta karyar da su a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Hafsoshi da yawa kuma sun tafi da bashinta. Ta koma Ingila ba lafiya ba kuɗi, ta gwada buɗe kanti a garin soja na Aldershot bai yi ba, a watan Nuwamba 1856 kotu ta tabbatar da cewa ita da Day sun karye. Ga mai niyyar aikin sa kai, wannan sashe na labarin ya fi na bakin daga amfani. Ta san yadda za ta je, amma ba ta yi lissafin yadda za ta dawo ba. Kafin mutum ya ajiye aikinsa ya tafi taimako a wata ƙasa, ya kamata ya san wa zai biya kuɗin komowa, wa zai ɗauki nauyinsa in shi ma ya kwanta, da kuma abin da zai tarar in ya dawo.

Waɗanda ta yi wa alheri ba su manta ba. Da labarin karyewarta ya fito a jarida, tsofaffin hafsoshin Kirimiya suka kafa mata asusu. A ƙarshen Yuli 1857 aka yi kwana huɗu ana kaɗe-kaɗen soja dominta a dandalin Surrey Gardens na Landan, dubban mutane suka halarta, sai dai kamfanin da ya shirya bikin shi ma yana cikin bashi, abin da ya iso hannunta fam 57 ne kacal. A wannan wata littafin tarihin rayuwarta ya fito, mai suna Wonderful Adventures of Mrs Seacole in Many Lands, Russell ya rubuta masa gabatarwa, ya kuma sami kasuwa. Da tawaye ya ɓarke a Indiya a shekarar, ta nemi ta tafi can ma, amma hakan bai yiwu ba. Ta koma Jamaika, ta shiga ɗarikar Katolika. A 1867 aka sake tara mata kuɗi da goyon bayan Sarauniya Victoria, wannan karon ya ishe ta har ta mallaki fili da gida a Kingston. Ta ƙare kwanakinta a Landan, ta rasu ranar 14 ga Mayu 1881, aka binne ta a maƙabartar Katolika ta St Mary a Kensal Green.

Ita Nightingale fa, yaya ta ɗauke ta? A wata wasiƙa da ta rubuta wa mijin 'yar'uwarta a 1870, ta yarda cewa Mary ta nuna wa sojoji kirki, amma ta zarge ta da jawo shaye-shaye da rashin ɗa'a, ta kuma nuna ba ta so nas-nas ɗinta su yi hulɗa da ita. Ana iya fahimtar tsoronta, domin tana ƙoƙarin nuna wa duniya cewa jinya aikin mutunci ne ga mace, kantin da ake sayar da giya kuwa ba zai taimake ta ba. Ban ga amfanin haɗa su faɗa ba, kamar yadda wasu suke yi yanzu. Nightingale ta gyara tsarin asibiti da tsabtarsa, ta yi aiki da ƙididdiga, ta kafa makaranta, kuma duk nas da ke duniya tana cin moriyar wannan. Mary ba ta kafa kome ba, ba ta taɓa riƙe ɗakin marasa lafiya a asibitin Kirimiya ba, lambobin yabon da take saƙalawa a hotunanta ma ba a sami takardar da ta nuna gwamnati ce ta ba ta su ba. Abin da take da shi shi ne shaidar sojojin da suka sha daga hannunta, kuma wannan shaida tana da yawa.

Bayan rasuwarta Ingila ta manta da ita kusan shekara ɗari. Mutanen Jamaika ne suka riƙe sunan: a 1954 ƙungiyar nas-nas ta ƙasar ta sa wa hedkwatarta sunanta. A 1973 aka gyara kabarinta da ya lalace, da ƙoƙarin matan Jamaika, ciki har da nas-nas da suke aiki a Ingila. Su ma ƙetare teku suka yi domin jinyar mutanen da ba kullum suke maraba da su ba. An sake buga littafinta a 1984, a 2004 kuma aka zaɓe ta a kan gaba cikin fitattun baƙaƙen fata ɗari na tarihin Birtaniya.

Ranar 30 ga Yuni 2016 aka buɗe mutum-mutuminta a harabar asibitin St Thomas. An yi gardama kafin a kafa shi, gama masu kishin Nightingale sun ce wurin nata ne, Mary ba ta taɓa aiki a can ba. Wasu cikinsu ma sun ce in baƙar nas ake nema, ga Kofoworola Abeni Pratt 'yar Nijeriya, wadda ta shiga makarantar Nightingale a 1946, ta yi aiki a asibitocin Ingila, sa'an nan ta komo gida a 1954 ta yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama shugabar nas-nas ta ƙasa baki ɗaya. Duk da haka aka kafa na Mary. Wanda ya sassaƙa shi, Martin Jennings, ya yi ta tana tafiya gaba da jakar magani, tana fuskantar majalisar dokokin Ingila a tsallaken kogin Thames. A bayanta akwai wani babban faifai na tagulla, an zuba shi ne a kan siffar ƙasar Kirimiya, daga wajen da British Hotel ya tsaya.